Sharhi: Shin Kuɗin Koyon Na'urar Haɗa Kiɗa Yana Biyan Kansa a Suleja?

Daga cikin ƙananan sana'o'in da matasa ke rungumar su a garin Suleja da kewayensa, tun daga Madalla har zuwa Maje, akwai sana'ar haɗa kiɗa da na'urorin zamani. Tare da ita kuma wata tambaya ta taso wadda iyaye da 'ya'yansu kan yi saɓani a kanta: saurayin da ya ƙudiri aniyar neman abinci da wannan aiki, shin ya dace ya cire kuɗi ya biya wani ya koya masa, ko kuwa ya tattara ɗan abin da ya mallaka ya sayi na'ura, ya zauna da ita a ɗaki yana laluben hanya har Allah Ya buɗa masa? Magana ce ta jari da riba da hasara, saboda haka ta cancanci a ɗora ta a kan sikelin da ake auna kowace sana'a da shi, ko ɗinki ne, ko walda, ko gyaran waya.

Ra'ayin wannan sharhi shi ne kuɗin koyo wani yanki ne na jari, shi ne kuma mafi ƙanƙanta a cikinsa, kuma shi ya kamata a fara kashewa tun kafin a sayi ko da waya guda ta haɗa lasifika. Sai dai ba kowane darasi ne ya cancanci a biya shi ba, ba kuma kowane mai kiran kansa malami ne ya cancanci a damƙa masa kuɗi ba. Domin a gane dalili, ya kamata a fara da sanin mece ce na'urar, da kuma abin da take ci.

Na'urar da ake magana a kanta ita ce mai ɗaukar samfurin sauti. Aikinta shi ne ta saurari ɗan guntun sauti, ko bugun ganga, ko busar algaita, ko tafi, ko muryar mutum, ta mayar da shi lambobi ta adana, sa'an nan ta maido da shi duk lokacin da aka taɓa wani maɓalli, da kauri ko kaifin da ake so. Kafin sautin ya fito da tsabta irin ta faifan CD, sai ta auna shi sau 44,100 a cikin sakan guda. Da irin waɗannan guntaye, idan an jera su an maimaita, mutum ɗaya zai iya haɗa kiɗan da a da sai an tara makaɗa biyar ko shida kafin a same shi.

A 1979 aka fito da ɗaya daga cikin na'urorin farko irin wannan, wato Fairlight CMI, a ƙasar Ostareliya, kuma kuɗinta ya haura dala dubu 20, don haka sai manyan mawaƙan Turai da Amurka kawai suka iya mallakarta. A 1987 kamfanin E-mu na Amurka ya fito da SP-1200, wadda duk abin da take iya riƙewa bai wuce sautin sakan goma ba. A 1988 kuma kamfanin Akai na Japan, tare da wani injiniya Ba'amurke mai suna Roger Linn, suka fito da MPC60 mai maɓallan roba 16 da ake bugawa da yatsu kamar ganga, a kan kuɗi kimanin dala dubu 5. Waɗannan biyun su ne suka zama ginshiƙin kiɗan matasan baƙar fata na birnin New York a wancan zamani.

A ƙasar Hausa kuwa fasahar ta shigo ne ta wata ƙofa dabam, wato ta abin da jama'a suka fi sani da suna fiyano. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, masu shirya finafinan bidiyo sun buƙaci kiɗa mai arha, sai suka koma ga fiyanon Casio da na Yamaha samfurin PSR, waɗanda ke ɗauke da sautukan kayan kiɗa iri-iri da aka riga aka ɗauka aka zuba a cikinsu. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, zamanin da fim ɗin Sangaya ya yi tashe, fiyano ya riga ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa, al'amarin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa. Daga Kano ne salon ya bazu zuwa Kaduna da Jos da sauran garuruwa. Manyan fiyanon da suka biyo baya suna ba mai su damar ƙara sautin da ya ɗauka da kansa, saboda haka a yau fiyanon biki da na'urar situdiyo duk aiki ɗaya suke yi, ilmi ɗaya kuma suke bukata.

To, nawa ne jarin? Duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, da dala kuma ake ƙiyasta su. Ƙananan na'urorin wannan zamani sun yi sauƙi ƙwarai idan an kwatanta da na da: Roland SP-404MKII da ta fito a 2021 an sa mata kimanin dala 500, MPC One ta kamfanin Akai kuma da ta fito a 2020 kimanin dala 700. Amma sauƙin bai iso hannun ɗan Nijeriya ba. A watan Mayun 2023 ana canza dala a hukumance a kan wajen naira 460, wato na'urar dala 500 ta tsaya a naira dubu 230. Bayan da aka saki naira a watan Yunin wannan shekara, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024, sai na'urar nan ɗaya ta koma naira dubu 750, kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya ajiye albashinsa na fiye da wata goma, bai ci ba bai sha ba, kafin ya saya wa ɗansa na'ura guda.

Na'ura kuma ba ta aiki ita kaɗai. Tana bukatar makirfo da lasifika da wayoyi da abin daidaita ƙarfin wuta. Ko da yake Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru, sanin kowa ne mai sana'a a Suleja ba ya dogara da wutar gwamnati ita kaɗai, dole ya tanadi janareta ko sola. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace awa da janareta ya yi yana aiki kuɗi ne masu nauyi. Wannan na nufin ko wanda ya ce zai koya wa kansa a ɗaki, yana biyan kuɗin makaranta, sai dai gidan mai yake kai wa maimakon malami.

Masu ganin cewa biyan kuɗin koyo ɓarna ce suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Hujjar farko ita ce kowace na'ura tana zuwa da littafin bayani, ga kuma darussa na bidiyo birjik a intanet waɗanda ba a biyan ko kwabo. Ta biyu ita ce akasarin gwanayen fiyano na Kano ba su shiga wani aji ba, a gefen wani gwani suka zauna suna kallo har hannunsu ya faɗa. Ta uku kuma, wadda ta fi ƙarfi, ita ce kwamfuta ta riga ta ƙwace yawancin aikin. Manhaja irin su FL Studio, wadda wani kamfanin ƙasar Beljiyam ya fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1990, tana yin duk abin da na'ura ke yi har da ƙari, kuma da ita ce masu haɗa kiɗa da yawa a Nijeriya suke aiki. In haka ne, in ji su, me zai sa a biya kuɗi don koyon abin da zamani ke shirin wucewa?

Hujjar farko gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Sanin wane maɓalli ke ɗaukar sauti da wane ne ke goge shi abu ne da duk mai haƙuri zai samu a littafi cikin mako biyu, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi don ya karanta wa ɗalibi littafin nan ya ci haƙƙinsa. Abin da littafi ba ya koyarwa shi ne kunne. A ɗauki kalangu alal misali. Makaɗi yana matse igiyoyin fatar da ke jikinsa a ƙarƙashin hammata, yana saki, sautin yana hawa yana sauka daidai da karin harshen Hausa, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Wanda ya ɗauki bugu ɗaya tak ya zuba a na'ura ya yi ta maimaitawa, zai sami ƙara ce kawai marar rai. Sai an ɗauki bugu da yawa, mai kauri da matsakaici da mai kaifi da mai zamewa, an rarraba su a kan maɓallai, sa'an nan an san inda kowanne ke faɗawa a cikin waƙa. Ba-Amurken da ke koyarwa a bidiyo bai taɓa jin kalangu ba, balle ya faɗa wa yaro cewa kiɗansa ya kauce wa karin magana.

Haka zalika akwai ilmin ɗaukar sauti da tsabta a ɗakin da ba a gina shi don wannan aiki ba, ga gunjin janareta, ga ƙarar babura a bakin titi. Akwai sanin tazarar da za a bari tsakanin makirfo da ganga don kada sautin ya fashe. Akwai yanke guntun sauti ta yadda zai riƙa zagayowa ba tare da an ji gaɓarsa ba. Akwai daidaita murya da kiɗa ta yadda waƙar za ta yi daɗi a ƙaramar waya, ta kuma yi daɗi a manyan lasifikan filin biki. Duk waɗannan sai da wani a gefe wanda zai saurara ya ce a sake. Daɗin daɗawa akwai abin da ya shafi tsaron dukiyar kanta: da yawa daga tsofaffin na'urorin da ake kawowa na hannu daga Amurka an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, alhali wutar Nijeriya 230 ce. Wanda bai sani ba ya soka irin wannan na'ura a bango, cikin ƙiftawar ido jarinsa ya zama hayaƙi.

Hujja ta biyu, wato ta zama a gefen gwani, idan an duba da kyau goyon bayan koyo take yi. Yaron da ya yi shekara biyu ko uku yana share situdiyo, yana ɗaukar lasifika zuwa gidan biki, yana jiran maigida ya tashi kafin ya taɓa fiyano, ya biya kuɗin makaranta da ƙarfinsa da ƙuruciyarsa. Haka tsarin yake tun zamanin makaɗan gargajiya, inda ɗan amshi kan yi shekaru a bayan ubangidansa kafin ya kama tasa ƙungiyar. Ko a Amurka ma haka abin yake. J Dilla na birnin Detroit, wanda ya rasu a 2006, wanda kuma na'urarsa MPC3000 take ajiye a gidan tarihin baƙar fata na Smithsonian a Washington, a hannun wani makaɗi mai suna Amp Fiddler ya fara koyon MPC. Babu gwanin da ya faɗo daga sama. Abin zaɓi kawai shi ne da me za a biya, da naira ko da shekaru.

Hujja ta uku kuwa tana ƙara nuna amfanin fara koyo kafin saye. Gaskiya ne mai aikin situdiyo zalla zai iya wadatuwa da kwamfuta. Amma mai zuwa gidan biki ko coci ko taron siyasa, inda ake kiɗa nan take a gaban jama'a cikin ƙura da zafi, ya fi samun natsuwa da fiyano ko na'urar da aka ƙera don wannan aiki kaɗai. Wanne ne ya dace da wane mutum? Saurayin da bai taɓa aiki da ko ɗaya ba, ba zai iya amsawa ba, sai dai ya bi abin da ya gani a hannun wani mawaƙi a bidiyo. Malamin kirki, a cikin mako na farko, zai iya gaya masa cewa aikin da yake nufi ba ya bukatar na'urar naira dubu 750, tsohuwar kwamfutar da ke gidansu ta isa. Bugu da ƙari ilmin yanke sauti da jera shi da daidaita shi iri ɗaya ne a na'ura da kwamfuta, don haka ba ya tsufa ko da samfurin na'ura ya tsufa.

Akwai kuma wani fanni da masu koya wa kansu suka fi jahilta, shi ne doka. Na'urar ɗaukar samfuri tana sauƙaƙa wa mutum ya tsakuro daga faifan wani ya zuba a nasa. A 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie saboda ya ɗauki yanki daga waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, aka kuma janye faifansa daga kasuwa. Tun daga nan neman izini ya zama wajibi a masana'antar. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka a faifai kuma shekara 50. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Ke nan waƙoƙinsu suna da magada, kuma duk wanda ya yanki muryarsu ko kiɗansu ya sa a tallan wani kamfani ba da yardar magadan ba, ya ɗauko wa kansa da wanda ya ba shi aikin rigima. Darasin awa biyu a kan wannan batu zai iya tsare mutum daga hasarar da ta fi kuɗin koyon gaba ɗaya.

Mutanen Suleja ba sa bukatar su je nesa kafin su ga abin da horo ke yi wa sana'a. A wannan gari, lokacin da ake kiransa Abuja kafin ya bar wa sabon babban birnin tarayya sunan, Bature Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko da ta yi hakan. Ta zo da gwaninta tun daga gida, ta iya ginin hannu da zane irin na Gbagyi. Abin da cibiyar ta ƙara mata shi ne aiki da na'urar juya yumɓu, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Haɗuwar biyun ce ta kai tukwanenta London, ta sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma sa hotonta a bayan takardar naira 20. Darasin da ke ciki a fili yake: na'ura ba ta ba ta baiwa ba, baiwa kuma ita kaɗai ba ta buɗe mata kasuwar duniya ba. Horo yana ninka abin da mutum ya zo da shi ne. Wanda ya zo hannu rabbana, haka zai koma.

Yanzu sai a zo ga lissafi. Lambobin da ke tafe misali ne kawai, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ƙaddara kayan aiki gaba ɗaya za su ci naira miliyan 1, malami kuma ya nemi naira dubu 100 don horon wata huɗu, wato kashi 10 cikin 100 na jarin. A ƙaddara kowane aiki yana barin ribar naira dubu 20 bayan an cire kuɗin mai da na mota. Aiki biyar sun mayar da kuɗin koyo. Idan wanda ya koya wa kansa zai ɗauki shekara guda kafin aikinsa ya kai a biya shi, wanda aka horar kuma wata huɗu, to bambancin wata takwas ne. A kan aiki biyu a wata, aiki 16 ke nan, wato naira dubu 320 da na farkon ya rasa yana laluben abin da wani zai nuna masa da yatsa. Akwai kuma riba ta uku wadda ba a cika lissafa ta ba. Saurayin da ya biya naira dubu 100, ya gano a wata na biyu cewa ba shi da kunnen kiɗa ko haƙurin zaman situdiyo, ya tsirar da naira dubu 900 na iyayensa. Da ya fara da saye, da sai dai a kai na'urar kasuwa a karyar da ita.

Amma duk wannan lissafi ya rataya ne a kan abu guda, wato samun aiki. A nan Suleja tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a watan Disambar 1991, dubban ma'aikata da 'yan kasuwa da tsadar haya ta hana su zama a birnin suka mayar da Suleja gida. Garin ya tara Hausawa da Gbagyi da Koro da Nufawa da Yarbawa da Ibo, kowa da bikinsa da irin kiɗan da yake so. Akwai coci-coci masu bukatar mai fiyano kowane mako, akwai masu bege da ƙasida da ke son a ɗauki muryarsu, akwai 'yan kasuwar IBB masu son a yi musu talla, ga gidajen rediyo na Abuja da Minna, ga kuma kakar siyasa da kan zo bayan shekara huɗu. Sai dai kusancin Abuja takobi ne mai kaifi biyu, domin mai kuɗin da ke son aiki mai kyau zai iya hawa mota ya tafi manyan situdiyoyin birni. Mai aikin ganin dama ba zai riƙe kasuwa a Suleja ba. Ya kamata kuma a tuna sana'ar tana da kaka: bukukuwa kan yawaita bayan girbi da bayan salla da ƙarshen shekara, su ja baya a watan azumi da tsakiyar damina.

Saboda haka kafin uba ya ciro kuɗi, akwai sharuɗɗan da ya kamata ya tsaya a kansu. Na farko, a saurari aikin malamin, a kuma tabbatar har yanzu ana kawo masa aiki ana biya, domin wanda kasuwa ta guje shi ba zai koya wa wani hanyar kasuwa ba. Na biyu, a tambayi ɗalibi nawa ne ke kan na'ura guda. Ajin mutum 15 da fiyano ɗaya kallo ne, sana'ar hannu kuwa ba a koyonta da ido kawai. Na uku, a rubuta yarjejeniya: wata nawa, awa nawa a mako, wa zai sayi mai idan babu wuta, kuma me ɗalibi zai iya yi da kansa a ƙarshe. Na huɗu, a biya kuɗin kashi-kashi, kada a zube shi gaba ɗaya a ranar farko. Na biyar, kada a ruɗu da takardar shaida mai ado. Uwar amarya ba ta tambayar satifiket, abin da ke fitowa daga lasifika take saurare. Ɗalibi ya fita da ayyuka uku ko huɗu da ya haɗa da hannunsa tun daga farko har ƙarshe, su ne shaidarsa.

Akwai kuma waɗanda wannan sharhi ba ya ba su shawarar su biya. Wanda yake son abin don nishaɗi kawai, darussan kyauta sun ishe shi. Wanda ya riga ya sami gurbi a situdiyon da maigidan ke barin yara su taɓa kaya, ya riƙe gurbinsa da kyau. Sabon shiga kuma ya yi hattara da darussan ƙasashen waje da ake biya da dala, domin da Turanci ake yin su, a kan salon kiɗan da ba shi ake nema a gidan bikin Suleja ba, kuma babu mai sauraren aikinsa ya gyara masa. Irin waɗannan sun fi amfani ga wanda ya riga ya ƙware yake neman ƙarin sani a kan wani fanni guda. Haka nan duk wanda zai ci bashi mai ruwa, ko ya sayar da gonar gado don ya shiga wannan sana'a, ya dakata tukuna, domin ribarta ba ta zuwa da gaggawar da bashi ke nema.

A ɓangaren hukuma kuwa akwai abin yi. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da tsarin tura matasa wurin masu sana'a su koya, asusun horar da ma'aikata na ITF kuma yana nan tun 1971. Ya kamata waɗannan hukumomi, tare da gwamnatin Jihar Neja da ƙaramar hukumar Suleja, su ɗauki aikin sauti a matsayin sana'a kamar ɗinki da kanikanci, su tanadi ɗaki guda mai wutar sola da 'yan na'urori inda yaro zai gwada hannunsa da kuɗi kaɗan kafin iyayensa su shiga ɗawainiya. Su ma masu situdiyo na garin ya kamata su haɗa kai su tsayar da mizanin abin da za a koyar da kuɗin da za a karɓa, don su tsare mutuncin sana'arsu daga masu neman na banza. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa kuma ta fitar da bayanin dokar 2022 da Hausa, yadda mai fiyano zai karanta ya gane.

A taƙaice, amsar tambayar ita ce kuɗin koyo yana biyan kansa, muddin an biya shi kafin saye, ga malamin da aikinsa ke magana, don ilmin da littafi ba ya bayarwa. Hausawa na cewa sana'a sa'a, amma kuma sun ce ilmi gishirin zaman duniya. A zamanin da na'ura guda ke cinye albashin wata goma, uban da ya ware kashi ɗaya cikin goma don ɗansa ya san abin da zai saya da yadda zai sarrafa shi, ya tsare sauran kashi taran. Allah Ya sa wa neman matasanmu albarka.